Yadda Ake Toshe Kunnen Waya Kafin Ta Kai Ka Ƙara

A teburin mai shayin unguwarmu aka fara maganar, bayan sallar isha'i. Wani tela ne ya rantse cewa wayarsa tana sauraronsa: da safe ya yi wa yaron shagonsa zancen sabon keken ɗinki, da yamma ya buɗe Facebook sai ga tallar kekuna jere kamar an aiko su. Mai adaidaitan da ke gefensa ya ce ai wannan ƙaramin abu ne, Amurka tana jin duk abin da muke faɗa ta tauraron ɗan Adam, har wannan hirar da muke yi yanzu. Sai wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya kurɓi shayinsa ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, don ba shi da abin ɓoyewa.

Mai shayi bai ɗago daga ƙwan da yake soyawa ba. Ya ce, "To Malam, cire makullin ka miƙo ta nan mu zagaya da ita, kowa ya ɗan duba."

Malam ya zura wayarsa cikin aljihun 'yar shara, ya ce a ƙara masa suga.

Tun daren nan nake son in rubuta wa mutanen teburin abin da ake yi a aikace, mataki bayan mataki, domin na lura duk tsoronsu yana can sama wajen tauraro, alhali ƙofar da aka bari a buɗe tana nan ƙasa cikin tafin hannunsu. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Kafin ka taɓa komai, ka san wa kake ɓoyewa

Masu son ganin cikin wayarka ba jinsi ɗaya ba ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Akwai na kusa: ƙanin da ke aron waya don ya yi wasa, mai cajin bakin titi, mai gyara, abokin da ya san zanen da kake buɗe allo da shi. Akwai ɓarawo da ɗan damfara, su kuɗinka suke so. Akwai kamfanoni irin su Google da Meta, su halinka suke tarawa su sayar wa masu talla da hankalinka. Sai gwamnati, taka ko ta wasu.

Mai adaidaita bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. A watan Yunin 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aiki, ya fitar da takardun da suka nuna yadda hukumar ke kwasar bayanan kiran waya na miliyoyin mutane, da wani shiri mai suna PRISM da take samun bayanai ta cikinsa daga manyan kamfanonin intanet. A shekarar ce kuma aka ji cewa har wayar shugabar gwamnatin Jamus, Angela Merkel, ba ta tsira ba. Snowden yana Rasha tun lokacin. To amma a ce NSA ta ware ma'aikaci yana sauraron musun Arsenal da Chelsea a teburinmu, wannan kam mun ɗauki kanmu da girma. Saboda haka daga na kusa za mu fara, mu hau sama a hankali.

Mataki na farko: ƙofar gida

Ka sa wa allon wayarka lambar sirri mai aƙalla lamba 6, kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka. Zanen nan da ake ja da yatsa ka bar shi. Mutane da yawa harafin L ko Z suke zanawa, kuma in hannunka ya taɓa ƙosai, maiƙon yana barin sawun zanen a kan gilashi ƙarara. Buɗe waya ta ɗora yatsa yana da sauƙi, sai dai mai barci ba ya hana a ɗauki yatsansa a ɗora. Wanda ya san yana da irin wannan matsalar a gida ya san kansa.

Daga nan ka shiga saitin sanarwa ka hana saƙonni bayyana a kan allo lokacin da waya ke kulle. Amfanin makulli ya ƙare in lambar da banki ya turo tana haskawa a fuskar waya kowa yana karantawa.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne makullin layin kansa. Ɓarawo ba ya buƙatar buɗe wayarka: ya zare sim, ya saka a wata ƙaramar waya, ya danna lambobin banki, ga BVN ɗinka, ga asusunka. Ka shiga Settings, ka nemi wurin tsaro, ka sami inda aka rubuta SIM lock, ka kunna, ka sauya lambar kamfani da taka. A nan ka yi hattara: in ka yi kuskure sau 3 layin zai kulle, sai da lambar PUK, wadda ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin daga ciki. In ba ka san lambar farko ta layinka ba, ka tambayi kamfanin, kada ka yi ta canke.

Wajen mai caji kuma, ka kashe wayar gaba ɗaya kafin ka miƙa. In gyara za a yi, ka cire sim da katin memori, ka tsaya a kai in aikin ba mai tsawo ba ne. Na taɓa barin tawa a wani shago don a sauya gilashi, na ba da lambar buɗewa wai za a gwada. Da na dawo na tarar an duba hotunan bikin ƙanwata har ƙarshe, domin a kan na ƙarshen aka bar ta a buɗe. Ba a saci komai ba, amma tun ranar nake cewa a kira ni in zo in gwada da hannuna.

Mataki na biyu: WhatsApp, inda duk asirin yake

A nan za mu daɗe. Tun watan Afrilun 2016 duk saƙo da kiran WhatsApp a lulluɓe suke daga wayar mai turawa zuwa wayar mai karɓa, ta yadda kamfanin layinka ba ya iya karantawa, shi kansa WhatsApp ɗin ma ba ya iyawa. Wannan gaskiya ne. Amma lulluɓin yana kare saƙo ne a kan hanya kawai. Da zarar ya sauka, sai yadda masu gida suka yi da shi.

Ka fara da ɗigo uku na saman dama, ka shiga Linked devices. Duk kwamfuta ko wayar da aka haɗa da asusunka za ta fito a nan. In ka ga wadda ba ka sani ba, ka taɓa ta ka fitar da ita. Minti ɗaya ya ishi wanda ya ari wayarka ya haɗa ta da tasa, daga nan yana karanta hirarka yana kwance a ɗakinsa. Da yawa daga masu cewa an yi musu kutse, wannan ne kutsen.

Sai ka shiga Settings, Account, Two-step verification, ka sa lamba 6 da imel ɗin da kake iya buɗewa. Wannan ita ce maganin masu kiran nan da murya mai ladabi, su ce daga guruf ɗin tsofaffin ɗalibai ne, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, ka karanto musu. Lambar da aka turo ta rajistar WhatsApp ɗinka ce. Kana karantawa sun ɗauke asusun, kafin ka farga sun fara roƙon surukanka kuɗin asibiti da sunanka. Lambar da ta shigo wayarka ba a karanta wa kowa, ko da muryar yayanka ce.

Na uku, ajiyar hira. WhatsApp yana adana kwafin hirarka a Google Drive ko iCloud, kuma wannan kwafin ba ya cikin lulluɓin sai ka kunna da kanka. Tun 2021 aka ba da damar. Ka shiga Chats, Chat backup, End-to-end encrypted backup, ka sa kalmar sirri. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardar fili, domin in ka manta ta kuma wayar ta ɓace, babu wanda zai iya dawo maka da hirar.

A ƙarƙashin Privacy akwai ƙananan gyare-gyare da ba sa cin lokaci. Hoton fuskarka da lokacin da ka leƙa na ƙarshe ka mayar da su ga waɗanda ke cikin lambobinka kaɗai. Groups ka sa My contacts, don kada ka wayi gari a guruf ɗin masu ninka kuɗi. Calls ka kunna Silence unknown callers. Ga hirar da ba ka son ta kwana shekara, akwai saƙo mai gogewa da kansa bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90, duk da dai ba ya hana wani ɗaukar hoton allo.

Sai GB WhatsApp da 'yan'uwansa. Na san dalilin da ya sa ake son su: kana ganin saƙon da aka goge, kana kallon status ba a san ka kalla ba. Amma wanda ya ƙera maka manhajar da za ka leƙi mutane da ita, me zai hana shi leƙenka? Ba ka san shi ba, ba ka san ƙasarsa ba, ka miƙa masa duk hirarka. Kamfanin WhatsApp ma yana rufe layin da ya kama da su. Ka goge, ka sauke na asali daga Play Store.

A teburin, telan nan ya ce shi tun rikicin sabbin sharuɗɗan WhatsApp na Janairun 2021 ya koma Telegram don ya fi tsaro. Na ce masa ya gudu daga ruwa ya faɗa kogi. Hirar Telegram ta yau da kullum da ta guruf ba a lulluɓe take daga waya zuwa waya ba, tana zaune a rumbun kamfanin, sai in ka buɗe abin da suke kira Secret chat. In tsaro kake nema na gaske, Signal ne, shi ne ma WhatsApp ya ari fasaharsa. Sai dai ko Signal ba ya maganin ganganci. A watan Maris na 2025 manyan jami'an tsaron Amurka suka buɗe guruf a Signal suna tattauna harin da za su kai wa 'yan Huthi a Yaman, aka yi kuskure aka saka editan mujallar The Atlantic, Jeffrey Goldberg, a ciki. Yana zaune yana karantawa. Saboda haka kafin ka saki baki a guruf, ka taɓa sunansa a sama ka karanta jerin mambobi ɗaya bayan ɗaya. Guruf mai mutum 200 dandali ne, ba ɗaki ba.

Mataki na uku: ka bi manhajoji ka ƙwace abin da ka ba su

Ka shiga Settings, Privacy, Permission manager. A wayoyin Tecno, Infinix da Itel wurin yakan ɗan sauya, amma in ka rubuta kalmar a gurbin bincike na saitin zai fito. Ka buɗe makirfo, kyamara, wurin da kake, lambobin mutane da saƙonnin tes, ɗaya bayan ɗaya, ka ga su wa ka ba izini. Za ka sha mamaki. Manhajar tocila ba ta da hulɗa da lambobin mutanenka. Wasan tsere da mota ba ya buƙatar makirfo. Waɗanda dole sai sun san inda kake, irin taswira, ka ba su izinin lokacin amfani kaɗai.

Daga Android 12 zuwa sama, ɗigo kore yana fitowa a saman allo duk lokacin da wata manhaja ta kunna kyamara ko makirfo. A iPhone ɗigon makirfo ruwan lemo ne, na kyamara kore. Wannan ita ce amsar tela. Kamfanonin sun sha musanta cewa suna sauraron hira don talla, kuma maganar gaskiya ba sa buƙata. Da aka matsa wa telan sai ya tuna ya nemi farashin keken a Google kwana biyu kafin nan, yana cikin guruf uku na teloli, kullum wayarsa tana wuni a layin masu ɗinki. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ke son ganin abin da aka tara a kansa ya buɗe myactivity.google.com, zai ga bincikensa na shekaru a jere. A nan ake gogewa, a nan kuma ake sa ya riƙa goge kansa bayan wata 3.

Manhajojin ba da bashi su ne suka fi kowa nuna mana darajar lambobin waya. Ka ci bashin dubu biyar, ka makara kwana biyu, sai saƙo ya isa ga limamin unguwa da surukarka cewa kai ɗan damfara ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotuna a 2023. Waɗanda ake turo maka ta mahaɗi a saƙo, ba ta Play Store ba, wannan dokar ba ta hau kansu.

Truecaller kuwa, sunan da yake nunawa daga wayoyin mutane yake tattaro shi, ba daga bakinka ba. Shi ya sa mai adaidaitanmu ya kira wani sabon fasinja, sunansa ya fito da laƙabin da masu binsa bashi suka sa masa. Kamfanin yana da shafin da ake cire lamba daga rumbunsa, ka nema ka cire taka.

Mataki na huɗu: gwamnati, abin da za ka iya da wanda ba za ka iya ba

A nan ba zan yi maka daɗin baki ba. Muddin akwai sim a waya kuma tana kunne, kamfanin layi ya san turken sabis ɗin da take magana da shi, ke nan ya san yankin da kake. 'Yar ƙaramar Nokia mai tocila ma haka take, kashe data ba ya hanawa. A Najeriya, tun umarnin da aka bayar a Disambar 2020 na haɗa kowane layi da lambar NIN, layinka yana ɗaure da sunanka, hotonka da zanen yatsunka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirgar masu hulɗa da su na shekara 2, hukumar sadarwa ta NCC kuma ta fitar da ƙa'idojin sauraron sadarwa bisa doka a 2019. Kira na layi da saƙon tes ba su da irin lulluɓin WhatsApp. A ɗaya ɓangaren, sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa haƙƙin sirrin gidansa, wasiƙunsa da hirarsa ta waya, a watan Yunin 2023 kuma aka sa hannu kan dokar kare bayanai wadda ta kafa hukumar NDPC, inda ake kai ƙorafi in wani kamfani ya yi wasa da bayananka.

Abin da ke hannunka shi ne maganar da ta shafi lafiyarka, iyalinka ko cinikinka ka yi ta a kiran WhatsApp ko Signal maimakon layi. Ka sani dai ko an rufe abin da aka faɗa, ba a rufe wa ya kira wa, yaushe, daga ina ba. Kada ka rena wannan. Michael Hayden, wanda ya shugabanci NSA da CIA, ya faɗa a bainar jama'a a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai.

VPN mun san shi tun lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, lokacin da ɗan Fagge ke rubutu daga Jamus bai taɓa ganin filin jirgi ba. Aikinsa ya ɓoye wa kamfanin layinka shafukan da kake shiga, amma shi mai VPN ɗin yana gani. Ka sauya mai gadi ne kawai. Na kyauta kuwa sai ka tambayi kanka da me yake biyan ma'aikatansa. Ba ya kuma ɓoye ka daga Facebook ɗin da ka shiga da sunanka da hotonka sanye da hular sallah.

Sai lambar nan *#21# da ake ta yaɗawa wai tana nuna ko ana sauraronka. Abin da take nunawa kawai shi ne ko an karkatar da kiranka zuwa wata lamba. In ka ga an yi kuma ba kai ka yi ba, ##002# yana sokewa. Mai sauraro na gaske ba ya barin sawu a nan.

Pegasus, wani makamin leƙen asiri da ake dasawa a waya a ɓoye, shi ne dodon da ake tsorata kowa da shi, kuma ya cancanta. Kamfanin NSO na Isra'ila ne ya ƙera shi yana sayar wa gwamnatoci. A 2019 WhatsApp ya kai kamfanin kotu kan shiga wayoyin mutum kusan 1,400 ta hanyar kira kawai, ko ba a ɗaga ba. A 2021 ƙungiyar Amnesty da gungun 'yan jarida suka bankaɗo jerin lambobi kusan 50,000 da ake zargin an sa wa ido, Amurka kuma ta sa kamfanin a jerin waɗanda ta taƙaita hulɗar kasuwanci da su a shekarar. Kayan tsada ne da ake ajiye wa 'yan jarida, 'yan adawa da masu fafutika. In kana cikinsu kuma iPhone kake riƙewa, ka kunna Lockdown Mode, wani tsarin tsaurara tsaro da Apple ya fitar a 2022. Sauranmu abu biyu ne. Duk lokacin da waya ta ce a sabunta ta, ka daina danna "anjima" don tsoron data, domin sabuntawar nan tsaga take liƙewa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu, ka riƙa kashe ta kana kunnawa aƙalla sau ɗaya a mako. Wannan shawarar, ka yarda ko kada ka yarda, NSA ce da kanta ta bayar.

Da na kai nan a teburin, mai adaidaita ya ce to shi yanzu ya tabbata akwai lauje cikin naɗi, tunda su suka ce a kashe, shi ba zai ƙara kashe tasa ba har abada. Malam kuwa ya fito da wayarsa daga aljihu, ya juya mana baya, ya kira ni da hannu. Ya rage murya ya ce, "Ɗana, nuna mini wurin nan da ka ce ana ganin wanda ya haɗa." Muka buɗe. Akwai kwamfuta ɗaya a jere, an leƙa ta ƙarfe 4 na yammacin ranar. Malam ba shi da kwamfuta. Ya yi shiru, sannan ya ce autansa yana da ita.